Yadda Ake Ƙulla Alaƙa Da Zaɓaɓɓun Wakilai Domin A Gyara Harkar Lafiya

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan ɗan majalisa ranar da aka ce ya shigo gari ya san abin da ake tararwa. Jama'a ne maƙil tun da sassafe, da yawansu riƙe da takardar asibiti. Wannan matarsa za a yi wa aiki, wancan ɗansa ke buƙatar ƙarin jini, wata kuma an rubuta mata maganin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya samu shiga a ba shi abin da ya sawwaƙa, a yi addu'a a watse, wani makon wasu su sake cika ƙofar. Larura ce ta kai su, babu mai ganin laifinsu. Sai dai asibitin mazaɓar da ya kasa duba su yana nan yadda yake, babu ungozoma da dare, babu magani a kanta.

Ikon da ke kujerar wakili ya fi abin da ke aljihunsa nesa ba kusa ba. Da shi ake yin doka, da shi ake amincewa da kasafin kuɗi, kuma yana cikin masu ikon kiran kwamishina ko minista ya zo ya yi bayani. Wannan bayani na masu son kaiwa ga wannan ikon ne: ƙungiyoyin ci gaban unguwa, kwamitocin asibiti, ƙungiyoyin mata da na matasa. Ku shiga da sanin cewa aikin na cin lokaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta kwashe kusan shekara 10 tana kai-komo. Majalisa ta amince da ita a 2011, ba a sa mata hannu ba, sai da aka sake bi da ita kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu a 2014. Asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar ta kafa kuwa bai ga kuɗi a kasafi ba sai a 2018, lokacin da Majalisar Tarayya ta sanya masa kimanin naira biliyan 55. Tsakanin waɗannan shekarun akwai ƙungiyoyin da ba su daina zarya a ofisoshin 'yan majalisa ba.

Mataki na ɗaya: ku san wa ke da ikon me

Yawancin ƙorafin da ke mutuwa a hanya an kai shi ƙofar da ba tasa ba ce. Asibitocinmu hawa uku ne. Ƙananan asibitocin mazaɓu, inda ake awon ciki da rigakafi, suna ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha tare da ƙaramar hukuma. Manyan asibitocin gwamnati na jiha ne. Asibitocin koyarwa na tarayya, irin na Malam Aminu Kano, da cibiyoyin lafiya na tarayya irin na Gusau, Nguru da Birnin Kudu, na gwamnatin tarayya ne.

Saboda haka in matsalarku rashin ma'aikata ce a asibitin mazaɓa, mutanenku su ne kansila, shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha. Sanata zai iya saurarenku cikin mutunci, amma ba shi ke tura ungozoma ƙauye ba. In kuwa maganar inshorar lafiya ta ƙasa ce, ko yawan kuɗin da tarayya ke zubawa a asusun lafiya, to ta ɗan majalisar wakilai da sanata ce. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan cin gashin kan ƙananan hukumomi ta fuskar kuɗi, ciyaman da kansiloli sun cancanci a riƙa tambayarsu fiye da yadda aka saba.

Ku rubuta sunayen duk waɗannan, sannan ku ƙara biyu da mutane ke mantawa: shugaban kwamitin lafiya na majalisa da shugaban kwamitin kasafi. Ko da ba daga mazaɓarku suka fito ba, takardarku a teburinsu za ta ƙare.

Mataki na biyu: ku tsayar da buƙata ɗaya

A nan ake yin asarar dama. An samu ganin Honarabul da ƙyar, sai mai magana ya ce harkar lafiya ta lalace, a taimaka a duba. Shi kuma ya ce in Allah ya yarda za a duba. Kowa ya faɗi gaskiya, babu wanda ya ɗauki nauyin komai.

Buƙatar da ke tafiya ita ce wadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. A turo ungozoma biyu asibitin mazaɓa kaza domin ɗakin haihuwa ya riƙa aiki da dare. A sanya asibitinmu cikin waɗanda ke karɓar kuɗin asusun lafiya a matakin farko. A saki kuɗin magungunan mata masu juna biyu da aka riga aka amince da su a kasafin bana. A yi wa marasa galihu na mazaɓarmu rajista a tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Kowace daga cikin waɗannan tana da ofishin da ke aiwatar da ita, kuma bayan wata shida za ku iya zuwa ku gani da ido.

Ra'ayina a nan a fili yake: ku yi hattara da neman gini. Ɗan siyasa na son gini domin ana yanke masa ƙyalle, ana manna masa suna, ana ɗaukar hoto. Ayyukan mazaɓu sun cika ƙauyukanmu da ɗakunan shan magani masu sabon fenti waɗanda ba a taɓa tura musu ma'aikaci ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin diddigin irin waɗannan ayyuka a 2019. Macen da jini ya ɓalle mata da tsakar dare ba fenti take buƙata ba. Tana buƙatar ungozoma a farke, da wuta, da ruwa, da magani, da motar da za ta kai ta babban asibiti in abin ya fi ƙarfin wurin. In har za a yi gini, ku nemi a faɗa muku tun farko daga ina ma'aikatansa za su fito, kuma wa zai biya su.

Yana da amfani ku jingina buƙatarku da abin da doka ta riga ta tanada, domin wakili ya fi saurin motsi in ya ga ba sabon abu ake nema ba. Dokar 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun nan na kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF. A yadda dokar ta raba shi, rabi na bi ta inshorar lafiya, kashi 45 ta hukumar lafiya a matakin farko domin magunguna, kayan aiki da ma'aikata, kashi 5 kuma domin agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Kano na da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, da asusun tallafa wa lafiya, KHETFUND. Kaduna na da KADCHMA. Ku nemi sunan takwararsu a jiharku.

Mataki na uku: ku haɗa hujja daga asibitin kansa

Alƙaluman ƙasa na da amfani wajen buɗe magana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, kuma Arewa maso Yamma ta yi ƙasa da haka sosai. Amma wakili ya sha jin irin wannan a taruka. Abin da bai taɓa ji ba shi ne lissafin mazaɓarsa: ma'aikata nawa ne a asibitin, nawa ne a cikinsu 'yan sa-kai, mata nawa suka zo awo a watan jiya, nawa suka dawo haihuwa, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, kilomita nawa ne zuwa asibitin da ake ƙarin jini.

Hanyar samun wannan ita ce kwamitin raya mazaɓa da ke haɗe da asibitin. A asibitocin da ke karɓar kuɗin asusun kai tsaye, shugaban wannan kwamiti na da hannu a yadda ake kashe su, don haka ya san cikin lamarin. In babu ɗan ƙungiyarku a kwamitin, ku fara da shiga.

Ku kare ma'aikatan. Incaj ɗin asibiti ma'aikacin gwamnati ne, kuma magana ɗaya za ta iya sa a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda bai so. Kada ku ce shi ya ba ku bayani, kada ku ɗauki hoton majiyyaci ba da izininsa ba, kada kuma ku maida ƙorafin tsari ya zama ƙarar mutum ɗaya. Duk abin da kuka tara ku matse shi a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, mai ɗauke da matsalar, buƙatar, hukumar da za ta aiwatar da lambar wayar mutum ɗaya daga cikinku.

Mataki na huɗu: tawaga da ƙofar shiga

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. A samu dattijon da ake jin nauyinsa, a samu wanda ya san aikin lafiya, ko da mai ritaya ne, a samu matashin da zai riƙe rubutu. Lallai a samu mace, kuma ba don cika lissafi ba: a bar ta ta faɗi da bakinta yadda ake yi in naƙuda ta zo da dare. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi sun daɗe a wannan fage, ku nemi reshensu. In zai yiwu tawagar ta haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban, domin da zarar an yi muku fentin 'yan adawa, ko na 'yan korar Honarabul, maganarku ta rage nauyi.

Ku kai takardar neman ganawa ofishinsa na mazaɓa, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku san mai taimaka masa da sunansa, ku girmama shi, don shi ke tsara wanda zai shiga da takardar da za a karanta. Sannan ku bi ta hannun masu gari. Sanar da mai unguwa, dagaci da hakimi ladabi ne, kuma dabara ce. Kowa ya ga yadda shigowar sarakunan Arewa ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta sauya tafiyar rigakafin shan inna, har aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan innan daga Najeriya a 2020. Wakilin da ya san hakimi na sane da zuwanku zai saurare ku da wani kunnen daban.

Mataki na biyar: zaman farko

Ku ɗauka minti 15 kawai za ku samu, waya na ta ƙara, wasu na jira a waje. Ku raba magana tun daga gida. Bayan gaisuwa dattijo ya gabatar da ku, kuma jimlarsa ta farko ta raba ku da layin da ke ƙofa:

"Ranka ya daɗe, ba mu zo da buƙatar kanmu ba. Maganar asibitin mazaɓarmu ce ta kawo mu, kuma abu ɗaya muke nema."

In wakiliyar mace ce, "ranki ya daɗe, Hajiya". Daga nan mai bayani ya faɗi matsalar a taƙaice, mai shaida ta faɗi abin da ta gani, a miƙa takarda. Sai tambayar da ta fi komai muhimmanci: "Ranka ya daɗe, a cikin wannan wane ne ke hannunka, wane ne kuma za ka haɗa mu da mai shi?" Wannan tambaya na ba shi hanyar taimako ko da abin ba a ikonsa yake ba. Wasiƙa ɗaya daga ofishinsa zuwa ga shugaban hukumar lafiya a matakin farko, ko kiran waya a gabanku, ya fi dogon alkawari.

Kada ku shiga da faɗa, ko da kuna da dalilin fushi. Kada ku tuna masa ƙuri'un da kuka ba shi, ya sani. In ya kawo uzuri, ku saurara da kyau, domin a cikin uzurin ake gane inda abin ya maƙale. Wataƙila ya ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata a jiha, ko an amince da kuɗin amma ba a sake su ba. Wannan bayani ne da za ku yi aiki da shi.

Kafin ku tashi ku nemi abu biyu: sunan wanda za ku riƙa tuntuɓa, da ranar da za ku dawo. Ku kuma gayyace shi ya zo asibitin da kansa, gani ya kori ji. In ya amsa, kada a share wuri a jera kujeru a ɗauko makaɗa. A bar shi ya ga wurin yadda mata ke ganinsa kullum.

Akwai maganar kuɗin mota. Al'ada ce in za ku fita a miƙo ambulan, kuma mayar da kyautar babba na da nauyi a wurinmu. Amma ranar da kuka karɓa, kun koma cikin layin da kuka ce ba a cikinsa kuke ba, kuma zai yi wuya ku dawo bayan wata uku ku tambayi ina aka kwana. Ku yanke shawara tun kafin ku je, dattijonku ya faɗa da taushi: "Mun gode, Allah ya ƙara arziki. Ƙa'idar ƙungiyarmu ce ba ma karɓa. In an samu ungozomar nan, an gama mana komai."

Mataki na shida: ku bi kalandar kasafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo da buƙatar kuɗi a watan Fabrairu ya tarar an rufe littafin shekarar. Ma'aikatu na fara tsara kasafin baɗi ne tun tsakiyar shekara, gwamnoni da shugaban ƙasa kuma su gabatar wa majalisa a watannin ƙarshe. Daga nan kwamitoci ke kiran ma'aikatu su zo su kare kasafinsu. Ma'ana, daga Yuni zuwa Satumba ne lokacin shigar da buƙata ta hannun hukuma da wakili, daga Oktoba zuwa Disamba kuma lokacin tsayawa a kan kwamitin lafiya kada a zare ta. Jihohi da dama na shirya taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Ku halarta da takardarku a hannu.

Kuna iya tuna wa wakilai alkawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka amince su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba, wasu jihohin Arewa kuwa sun kai a rubuce. Amma rubutu daban, sakin kuɗi daban. Ana iya sanya wa lafiya kaso mai tsoka a yi ta yabo a rediyo, shekara ta ƙare ba a saki rabin kuɗin ayyuka ba. Don haka aikinku na gaskiya yana farawa ne bayan an sa hannu. Ku nemi kundin kasafin, jihohi da yawa na wallafa shi a intanet tare da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku. Ku nemo layin da ya shafe ku, ku rubuta lambarsa da adadin kuɗinsa, duk zuwan da za ku yi wurin wakili ku tambaya da wannan lambar. A hukumomin tarayya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku damar nema a rubuce, kuma ta ba su kwana 7 su amsa.

Mataki na bakwai: ku yi amfani da kayan aikin majalisa

Wakili na iya gabatar da ƙorafinku a zauren majalisa a miƙa shi ga kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a. Yana iya kawo ƙudirin gaggawa, misali lokacin ɓarkewar amai da gudawa ko mashaƙo. Yana iya jawo kwamitin lafiya ya kai ziyarar sa ido. Sashe na 88 da 89 na kundin tsarin mulki sun ba Majalisar Tarayya ikon bincike, sashe na 128 da 129 kuma sun ba majalisun jihohi. Ku faɗa masa wanne kuke so, ku kuma sauƙaƙa masa ta hanyar kawo daftarin a rubuce.

In gyaran doka kuke nema, ku sani bayan karatu na biyu ƙudiri ke zuwa kwamiti, a nan ne ake zaman sauraron jama'a. Ku aika da matsayarku a rubuce ga akawun kwamitin kafin ranar, ku nemi a ba ku damar magana. Dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ta nuna majalisar jiha na iya yin dokar da ta taɓa rayuwar kowane gida.

Mataki na takwas: ku riƙe zumuncin

Zumunta a ƙafa take. Wanda ba a ganinsa sai yana da buƙata, ba a daɗe ana ɗaukar wayarsa. Kwana biyu bayan ganawa ku aika takardar godiya mai ɗauke da abin da aka tsayar. Bayan haka ku riƙa aika gajeren saƙo lokaci-lokaci kan halin da asibitin ke ciki, har da labari mai daɗi. In an yi masa rasuwa ku je ta'aziyya, kada ku ɗauko maganar asibiti a wurin. Burin shi ne ya zama in maganar lafiya ta taso a majalisa, ku ne zai sa a kira a tambaya.

In ya yi abin kirki ku faɗa a fili, a taron gari ko a rediyo, ku faɗi daidai abin da ya yi ba tare da kambamawa ba. In ya yi shiru, ku bi abin daki-daki: tunatarwa a rubuce, komawa ta hannun hakimi ko limamin Juma'a, sannan kai maganar ga shugaban kwamitin lafiya. In duk wannan bai yi ba, sai gidajen rediyo da Facebook. Ko a nan ku tsaya kan hujja: ga ranar da muka kai takarda, ga abin da aka ce, ga halin da ake ciki. Zagi na rufe ƙofar da za ku sake buƙata, yana kuma iya jawo muku shari'a. Barazanar kiranye ma ba ta da amfani. Tsarin mulki ya tanade shi, amma yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 ya rushe tun a matakin tantance sa hannu.

Mataki na tara: ku shirya wa sauyin kujera

A zaɓen 2023 fiye da rabin 'yan Majalisar Tarayya ba su koma ba, kuma ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare sai an sake faro shi. Don haka kada alaƙarku ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Lokacin yaƙin neman zaɓe ku kai wa duk 'yan takara takarda iri ɗaya, ku nemi kowa ya faɗi matsayinsa a gaban jama'a, ƙungiyar kuma kada ta ɗaga hannun kowa. Ku ajiye fayil mai ɗauke da kwafin kowace wasiƙa da hatiminta, da bayanin kowane zama. Akawun kwamiti da daraktocin hukumar lafiya ma'aikata ne, suna nan bayan zaɓe, ku ci gaba da gaisawa da su. Da zarar an rantsar da sabon wakili, ku nemi ganinsa a watanninsa uku na farko, kafin a gama tsara kasafin shekara mai zuwa, ku kai masa fayil ɗin ya ga inda aka tsaya.